Yadda ake ɗaukar hoton taurarin ɗan'adam da ɓurɓushin taurarin da suka fashe daga karkarar Kano da Jigawa

Abubuwa biyu ne a wannan jagora, kuma dabarunsu kishiyoyin juna ne. Tauraron ɗan'adam ana kafe kyamara ne a bar shi ya wuce ta gabanta, ko kuma shi ya tsaya cak taurari su wuce. Ɓurɓushin tauraron da ya fashe kuwa haskensa ya yi rauni ƙwarai, sai kyamara ta bi juyawar sama sannu a hankali na tsawon awanni tana tara haske. A fara da na farkon, domin ko da wayar hannu ana iya yin sa, kuma a nan hannu yake faɗawa.

Lokaci ya fi kayan aiki muhimmanci

Kano da Dutse suna wajen digiri 12 arewa da layin tsakiyar duniya, wato ikweta. Amfanin haka shi ne muna ganin kusan dukkan saman arewa da babban ɓangare na saman kudu, har da abubuwan da mutanen Turai ba sa gani sam. Matsalarmu ita ce yanayi. Da damina gajimare ne, da hunturu kuma hazo. Mafi kyawun sama a shekara tana zuwa ne daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kafin ƙura ta sauko daga Sahara. Haka nan daren da ya biyo bayan ruwan sama mai ƙarfi, idan gari ya washe, sama takan yi garau fiye da kowane dare na rani. A cikin hunturu ma akwai ranakun da hazo ke lafawa. Gwajinsa mai sauƙi ne: idan rana ta koma farin faifai ana iya kallonta tun la'asar sakaliya, ka haƙura da daren. Idan ta faɗi da ƙarfinta har bakin ƙasa, ka shirya kaya.

Sai wata. Kalandar Musulunci ta riga ta yi maka lissafin. Daga 25 ga wata zuwa 4 ga mai kamawa dare duhu ne kusan gaba ɗaya. Wajen 22 ga wata, wata ba ya fitowa sai tsakar dare, don haka kana da farkon dare. Daga 10 zuwa 18 kuwa a bar zancen ɓurɓushin taurari, a yi aikin taurarin ɗan'adam. A yankinmu almuru ba ya daɗewa, cikakken duhu yana shiga kamar awa ɗaya da kwata bayan faɗuwar rana, wato lokacin isha'i.

Wajen zaɓen wuri, ka sa hasken birnin Kano a bayanka. Idan abin da kake nema yana arewa, ƙauyukan Ɗambatta, Kazaure ko Gumel sun fi. Idan yana kudu, ka nufi wajen Rano, Sumaila ko Birnin Kudu. Ka nisanci titin mota, gidan mai da fitilun sola na kan hanya, ka kuma lura da hayaƙin ƙonan gona bayan girbi, domin yana ɓata hoto kamar yadda hazo ke yi. Kafin ka kafa komai a bayan gari da dare, ka je da rana ka gaida mai unguwa ko dagaci, ka yi masa bayani, 'yan sintiri su san da zamanka. Baƙo da ƙarfe mai ƙafa uku a gonar mutane ƙarfe biyun dare abin tuhuma ne. Ka sa rufaffen takalmi saboda kunama da maciji. Tocila kuma a naɗe bakinta da jar leda riɓi biyu, don ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farin haske na sakan ɗaya yana rushe wannan.

Fokas, inda mafi yawan hotuna ke lalacewa

Kashe fokas mai sarrafa kansa. Nemi tauraro mai haske, ka buɗe allon kyamara, ka zuƙo shi sau 10, ka juya zoben gilashi a hankali har tauraron ya zama ƙaramin ɗigo iya ƙanƙantarsa. Alamar nesa da ke jikin gilashi ba abin dogaro ba ce, yawancin gilasai suna wuce ta. Da ka samu, ka manne zoben da salatif. Ka sake dubawa bayan kowace awa, saboda sanyin dare yana sa gilashi ya ɗan tsuke. Ka zaɓi RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka kashe na'urar hana girgiza ta gilashin, ka kashe rage-hayaniya na doguwar ɗauka, ka yi amfani da rimot ko jinkirin sakan 2 don kada yatsanka ya motsa kyamara.

Tashar sararin samaniya

Tashar ƙasa da ƙasa, ISS, tana tafiya ne kimanin kilomita 400 a sama, da gudun kusan kilomita 28,000 a awa, tana zagaye duniya cikin kamar minti 92. Ba ta da fitilar da muke gani, hasken rana ne ke dukanta. Shi ya sa ake ganinta kawai bayan magariba ko kafin asuba, lokacin da ƙasa ta yi duhu amma can sama rana na haskawa. Haskenta ba ya ƙyaftawa, wani lokaci yana kusantar na Zara. Idan ka ga ja da kore suna walƙiya, jirgi ne.

Ka saka ainihin wurin da kake a manhajar Heavens-Above ko Stellarium, ka zaɓi wucewar da za ta kai digiri 40 ko fiye. Manhajar za ta faɗa maka inda za ta ɓullo da inda za ta ɓace. Minti goma kafin lokaci ka kafa kyamara da gilashi mai faɗi, 14 zuwa 24mm, ka sa bishiyar kuka, rumbu ko dutse a ƙasan hoto. Ka fara da buɗewar gilashi f/4, ISO (ƙarfin karɓar haske na kyamara) 400 idan akwai sauran hasken almuru, 800 zuwa 1600 idan duhu ya yi, sakan 20 kowane hoto, a jere ba tsayawa har ta wuce. Wucewar takan ɗauki minti 4 zuwa 6. Daga baya manhajojin StarStaX ko Sequator za su haɗa hotunan su zama layi ɗaya. Idan ka ga giɓi mai faɗi a layin, rage-hayaniyar nan ce ba ka kashe ba, tana cin lokaci daidai da na hoton bayan kowace ɗauka. Idan layin ya dusashe ya mutu a tsakiyar sama, ba laifinka ba ne, tashar ce ta shiga inuwar duniya.

A waya, ka shiga yanayin Pro, ka sa ISO 800, sakan 15 zuwa 30, fokas a nesa, ka ɗaure ta a maƙalli. Dabarar ɗaya ce ga tashar Sin mai suna Tiangong, da jerin taurarin intanet na Starlink da ake gani kamar carbi 'yan kwanaki bayan harba su. Na'urar hangen nesa ta Hubble ma, wadda ba a ganinta da kyau daga arewacin Turai, takan bi ta saman kanmu a nan.

Ganin siffar tashar da fukafukanta wani aiki ne daban. Faɗinta mita 109 ne, amma daga ƙasa girmanta kusan na Mushtari (Jupiter) ne, kuma idan tana tsakar ka tana cin kusan digiri ɗaya a sakan. Ana buƙatar madubin hangen nesa mai tsawon gani 1000mm ko fiye. Ka daidaita ƙaramin madubin nema da babban sosai a kan tauraro, ka sa shata, wato tsawon lokacin ɗauka, a 1/1600 na sakan, ISO 800 zuwa 1600, ka kunna bidiyo ko ɗauka a jere, sannan ka bi ta da hannu kana kallo ta ƙaramin madubin. Mafi yawan hotunan za su fito baƙi wuluk. Manhajar PIPP za ta tsamo waɗanda tashar ta shiga. Idan ta fito fari fat babu siffa, haske ya yi yawa, ka rage ISO. Idan ta miƙe, shata ta yi jinkiri.

Waɗanda ba sa motsi

Dish ɗin da ke kan rufin gidaje ba ya juyawa domin abin da yake kallo ba ya gusawa. Waɗannan taurarin ɗan'adam suna kilomita 35,786 a saman tsakiyar duniya, suna zagayawa daidai da juyawarta. Cikinsu akwai na Najeriya, NigComSat-1R, wanda aka harba daga Sin a Disambar 2011, yana zaune a digiri 42.5 gabas. Daga Kano yana gabas da ɗan karkata kudu, kimanin digiri 48 daga ƙasa.

Ido ba ya ganinsu, amma kyamara na kama su cikin sauƙi, kuma muna da alama mai kyau. Daga yankinmu layinsu yana wajen digiri 2 kudu da tsakiyar sama (layin sama da ke daidai saman ikweta), wato daidai hanyar da taurari ukun nan na jere a ƙugun rukunin taurarin Oriyon suke bi, musamman na gabas cikinsu, Alnitak. Ka sa gilashin 50 zuwa 135mm a f/2.8, ISO 1600, ka saita ukun nan a tsakiya, ka kulle kyamara. Ka ɗauki hotuna 40 na sakan 30. Taurari za su fito zane-zane, amma za ka ga ƙananan ɗigo a jere da ba su gusa ba daga hoton farko har na ƙarshe. Ka haɗa hotunan ba tare da daidaita taurari ba, ɗigon za su ƙara fitowa. A yi hattara da ɗigon zafi na sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, su ma ba sa motsi. Bambancin shi ne sukan zama ja, kore ko shuɗi, kuma suna nan ko da murfi a kan gilashi. Wajen tsakiyar Maris da ƙarshen Satumba faifan solar waɗannan taurari na maido da hasken rana kai tsaye, sai su yi haske sosai na ɗan lokaci kafin su shiga inuwar duniya, inda sukan ɓace har kusan minti 70.

Bin juyawar sama

Sama tana juyawa digiri 15 a awa. A kan ƙafa uku kawai, ka raba 500 da tsawon gilashinka idan babbar sensa ce, ko 300 idan ƙarama ce, ka samu iyakar sakan kafin taurari su miƙe. A nan gara ka rage ma, domin abin da ke saman kanmu yana kusa da tsakiyar sama inda gudun ya fi. Da 135mm, sakan 2 ne kawai. Wannan ba zai isa ga ɓurɓushin tauraro ba.

Mafita ita ce na'urar bin taurari irin Star Adventurer ko SkyGuider, ko kuma wadda kafinta zai haɗa maka. Katako biyu masu tsawon santimita 30, a haɗa su da hinjin ƙofa mai ƙarfi wanda ba ya wasa. A huda na ƙasa a nisan milimita 228.5 daga tsakiyar ƙusar hinjin, a kafa noti, a zura ƙarfe mai zare M6 wanda kowane zagaye yake hawa milimita ɗaya, bakinsa na tura katakon sama. Zagaye ɗaya a minti ɗaya ya yi daidai da juyawar sama. A sa masa hannu kamar na agogo, ana juya shi tare da hannun sakan, ɗan kaɗan duk sakan 5. Kyamara na zaune a katakon sama. Idan taurari sun miƙe ninki biyu, ka juya ta baibai ne. Bayan kamar minti 10 a mai da zaren baya, saboda kuskure na taruwa. Wannan ya ishi gilashin da bai wuce 50mm ba.

Ko wacce na'ura ce, ta saye ko ta katako, dole ƙusar juyawarta ta kalli tauraron arewa, Polaris. A Kano yana digiri 12 kacal daga ƙasa, ɗan sama da faɗin dunƙulen hannu idan ka miƙe shi, don haka bishiya, katanga ko hazo na ɓoye shi cikin sauƙi. Ka nemi fili ta arewa tun da rana. Bai zauna daidai kan cibiyar ba, yana gefe da ƙasa da digiri ɗaya, manhajar na'urar za ta nuna inda za ka ajiye shi a madubin saiti. Mai shirin sayen babbar na'ura ya tabbatar tana sauka har digiri 12, domin a wasu ƙarfen nauyin yana bugun ƙafa a irin wannan kwanciya. Su kuma ƙananan madubai masu sarrafa kansu irin Seestar S50 ba sa buƙatar Polaris a tsarinsu na yau da kullum, amma suna rikicewa idan abu ya zo tsakar ka, abin da ke yawan faruwa a nan. A ɗauka kafin ya kai digiri 75 ko bayan ya gangaro.

Ɓurɓushi uku

Idan babban tauraro ya ƙare makamashinsa, cikinsa na rushewa, ya tarwatse, ya watsa iskarsa cikin sarari na dubban shekaru. Wannan iskar ce muke ɗauka.

Wanda ya fi dacewa da farawa shi ne Mayafi, wato Veil, a rukunin taurarin Cygnus. Nisansa kamar tafiyar haske ta shekara 2,400, fashewar ta auku tsakanin shekara 10,000 zuwa 20,000 da suka wuce, William Herschel ne ya gano shi a 1784. Faɗinsa digiri 3, wato kamar wata shida a jere, don haka gilashin 135 zuwa 200mm ya ishe shi. Sa'ar da muka yi ita ce a Oktoba, lokacin da samanmu ta fi tsabta, yana digiri 70 a sama ta arewa daidai bayan isha'i. Ka nemo Deneb, tauraro mafi haske a Cygnus, ka bi gicciyen Cygnus zuwa tauraron reshen gabas, Epsilon, ka sauka digiri 3 kudu zuwa ƙaramin tauraro 52 Cygni. Ɓangaren yamma, NGC 6960, ya ratsa ta kansa. Na gabas, NGC 6992, shi ya fi haske. Ka sa f/2.8 zuwa f/4, ISO 800 zuwa 1600, sakan 60 zuwa 90, ka tara aƙalla awa biyu. A hoto guda kusan ba za ka ga komai ba sai taurari, kada wannan ya sa ka canza saiti. Ka duba jadawalin haske na kyamara, tudun ya tsaya wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku daga hagu.

Mayafi na fitar da haske kala biyu: ja na haidirojin a nanomita 656, da kore mai shuɗi-shuɗi na oksijin a 501. Kyamarar da ba a canza filtar cikinta ba tana tare mafi yawan jan, shi ya sa yakan fito da shuɗi fiye da na hotunan intanet. Filta mai barin waɗannan kaloli biyu kawai tana rage taurari da hasken gari ƙwarai, sai dai tana neman minti 2 zuwa 4 kowane hoto, wanda ke buƙatar saiti mai kyau.

Na biyu shi ne Ƙaguwa, M1. Masanan Sin sun rubuta bayyanar tauraron a Yulin 1054, an gan shi da rana tsaka kwana 23, likitan Bagadaza Ibn Butlan ma ya ambace shi. Nisansa shekarar haske 6,500, a tsakiyarsa akwai ragowar tauraron tana juyawa sau 30 a sakan. Yana da haske fiye da Mayafi amma ƙarami ne, kashi ɗaya cikin biyar na faɗin wata, don haka da gilashin 135mm ɗan tabo kawai za ka samu. Yana son 500mm ko fiye, ko ƙaramin madubi mai ƙaramar sensa. Daga Kaza da 'ya'yanta ka gangaro zuwa jan tauraron nan Aldebaran, ka bi layin ƙahon kudu har Zeta Tauri, M1 na digiri ɗaya arewa maso yamma da shi. Lokacinsa Disamba zuwa Fabrairu ne, tsakiyar hunturu, amma yana hawa har digiri 80, inda ƙura ta fi sauƙi.

Na uku, na rukunin taurarin Vela, faɗinsa digiri 8 ne, yana kai digiri 33 ta kudu wajen ƙarfe goma na dare a farkon Maris. Mai rauni ne, yana ƙasa cikin hazo, kuma zafi ya fara shigowa. Sai da filta da awanni masu yawa. A bar shi sai hannu ya ƙware.

Haɗa hotuna

Tsabtar hoto na ƙaruwa ne da tushen adadin: hoto 4 ninki biyu, hoto 100 ninki goma. Kafin ka tattara kaya, ka rufe gilashi ka ɗauki baƙaƙen hotuna 20 zuwa 30 da ISO da sakan iri ɗaya, a wurin, cikin sanyi ɗaya. Yashi-yashin sensa yana ninkuwa da ƙarin zafin kamar digiri 6, don haka baƙin hoton da aka ɗauka cikin ɗaki da safe ba zai dace ba, kuma daren bazara ya fi na hunturu datti nesa ba kusa ba. Sannan ka ɗaure farin ƙyalle a bakin gilashi, ka fuskantar da shi ga farin allon waya ko saman asuba, ka ɗauki 25 ba tare da ka taɓa fokas ba, tudun jadawali a tsakiya. Su ne ke goge duhun kusurwoyi da zoben ƙura. Sai wasu hotuna 30 zuwa 50 a shata mafi sauri da murfi a rufe.

Manhajojin haɗa hotuna Siril da DeepSkyStacker kyauta ne. A Siril ka zuba kowane iri a jakarsa, ka kunna rubutun OSC_Preprocessing, ka bar wa kwamfuta sararin gigabait 30 ko fiye. Yayin haɗawa tana watsar da layukan taurarin ɗan'adam da suka ratsa, muddin hotunan suna da yawa. Da ƙasa da 15 layukan kan rage. Sakamakon zai fito da duhu. Ka fara da yanke gefuna, ka cire karkatar hasken baya, ka gyara kala, sannan ka ja haske sannu a hankali. Kada ka mai da sama baƙa ƙirin, a cikin wannan tokar siraran zaren Mayafi suke.

Taurarin da suka miƙe duk gefe ɗaya, saitin Polaris ne ko sakan ya yi yawa. Waɗanda suka zama zobe, fokas ne. Idan na kusurwa kaɗai suka lalace, ka rage buɗewar gilashi mataki ɗaya. Idan hotunan farko sun yi kyau na baya suka yi dishi-dishi, raɓa ce, kuma a Oktoba tana sauka sosai bayan tsakar dare, musamman kusa da fadama, shinkafar Haɗeja ko dam ɗin Tiga. Ka sa wa gilashi hularsa, ka naɗa masa ɗumamar USB da ke aiki da fawa bank. A hunturu kada ka cire gilashi a fili, kuma kada ka goge ƙura da bakin riga, domin yashi ne, yana karce gilashi. A hure ta da robar hura iska, a sa kyamara cikin jaka a zuge kafin a hau babur.